Abin da Na Faɗa wa Likitar Yusufu

Na san abin da ake faɗa a Safana game da ni da yayanku Yusufu. Na ji shi a majalisar bakin kasuwa, na ji shi a wurin ɗaurin aure, har wani ya taɓa faɗa mini a gaban idona cikin raha, wai ni na tare wa ɗana arziki da bakina ana gab da buɗe masa ƙofa. Na san ku ma kun ji, kunya ce kawai ta hana ku tambayata. To tun idona na iya bin layin takarda, bari in rubuta muku yadda abin ya kasance. Akwai wani ɓangare da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai mahaifiyarku, shi ma sai da na nemi izinin Yusufu kafin in sa shi a nan. Ya ce in rubuta duka, kada in rage komai.

Lokacin da gwamnati ta tura ni Amurka karatun aikin gona ina saurayi, na auri wata ma'aikaciyar jinya 'yar can, baƙar fata, sunanta Karolin. Muka samu ɗa namiji, na raɗa masa Yusufu. Yana da shekara biyu aka aiko mini daga Karare cewa Baba ya kwanta. Na taho da niyyar yin wata uku. Baba ya rasu, gida ya dawo kaina, ga Inna, ga ƙanne, ga gonaki. Karolin ta ce ba za ta iya zaman nan ba, ni kuma na kasa komawa. Wasiƙu suka yi ta raguwa har auren ya mutu. Ba na ɗora mata laifi. Laifin da na sani nawa ne, shi ne na dawo na ja bakina na yi shiru. Inna kaɗai na gaya wa. Na kama aikin malamin gona a Safana, na auri mahaifiyarku Hajiya Rabi, aka haife ku ɗaya bayan ɗaya, ban taɓa ce mata ina da ɗa a wani wuri ba.

Wani abokin karatuna da ya zauna can shi ya riƙa aiko mini labarin yaron. Da farko hotuna ne, daga baya sai guntayen jarida da faya-fayan bidiyo, domin yaro ya miƙe ya yi tsawo, kuma hannunsa ya faɗa kan ƙwallon kwando. Ƙwallon ce ta samar masa gurbin karatu kyauta a wata ƙaramar jami'a. Faifan farko a shagon wani mai gyaran talabijin na kalle shi a Batsari, don kada a gan ni da shi a Safana. Ni da kuka san sai na sunkuya a ƙofar masallaci, sai ga yaro ya fi ni tsawo nesa. Shekararsa ta farko a benci ya yi ta, sai wasa ya kusa tashi a sako shi. A ta biyu aka fara dogara da shi. Ba shi ne mai yawan zura ƙwallo ba. Aikinsa ya tsaya ƙarƙashin kwando ya tare ta abokan hamayya, in kuma an jefa ta ƙi shiga ya yi tsalle ya cafke ta kafin kowa. A shekarar ƙarshe shi ne kyaftin, ya kai su babbar gasar jami'o'i, aka fitar da su a wasan farko. Na kalli wannan faifan ya fi sau goma, ina ganin yadda ya bi abokan wasansa ɗaya-ɗaya yana ɗaga su daga ƙasa. Abin da ya fi tsaya mini a rai, kafin ya jefa ƙwallo sai ya goge tafin hannunsa a cinya sau biyu. Haka yayana Lawal yake yi kafin ya kama ƙotar fartanya. Yaron bai taɓa jin sunan Lawal ba, don ya rasu tun ina makarantar kwana.

Ya gama digirinsa. Ranar da manyan kulob-kulob na Amurka suke zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, ba a kira sunansa ba. Sai ya ɗauki jaka ya tafi Turai. Ya buga a Beljiyam, ya buga a Turkiyya, ya ƙare a Sifen, shekara shida yana yawo daga wannan kulob zuwa wancan, kowace kakar wasa da sabon yare da sabon koci. Duk ina biye da shi ta hannun abokina, faya-fayan suna cikin durowar ofis ƙarƙashin takardun irin shuka. Sau da yawa na fara rubuta masa wasiƙa, in na kai layi na uku sai in yage.

Shekarar da nake son ba ku labarinta, damina ta yi kyau. Ina Yasore wata ranar Talata bayan la'asar, ina nuna wa manoma yadda ake gane tsutsa a zuciyar dawa, sai waya ta yi ƙara da baƙuwar lamba. Muryar da na ji na yi shekara ashirin da shida ban ji ta ba.

"Sama'ila, ni ce Karolin. Ba gaisuwa na kira ba, maganar Yusufu ce."

Na koma gindin wata bishiyar bedi na zauna. Ta ce wani kulob na babbar gasar Amurka ya ga wasansa a Sifen ya kira shi gida, abin da yake nema tun yana ƙarami. Saura gwajin lafiya ya sa hannu a kwantiragi. A gwajin aka ga naman zuciyarsa ya yi kauri. Likitoci suka ce hakan na faruwa ga masu motsa jiki sosai kuma ba komai ba ne, amma akwai wani ciwo da ake gado wanda kamanninsa ke nan, shi kuma yana kashe matashi nan take yana tsaka da gudu. Nasa ya faɗo a tsakiya, sun kasa yanke hukunci. Sun bi dangin uwa ba su samu komai ba. Saura dangin uba. Likita za ta kira ni ranar Juma'a.

Washegari da hantsi ina ofis Yusufu da kansa ya kira. Wannan ne karo na farko da na ji muryarsa tun yana gwarancin jarirai. Murya ce mai kauri, a natse. Bai ce mini Baba ba, bai kuma kira sunana ba.

"Ban taɓa roƙon ka komai ba," in ji shi. "Ban nemi ka zo ranar da na gama makaranta ba, ban nemi komai ba. Abu ɗaya nake so. In likita ta tambaye ka ko akwai wanda ya faɗi ya mutu yana matashi a danginku, ka ce ba ka san da shi ba. Na san jikina. Lafiyata ƙalau."

"Yusufu, ka ba ni kwana biyu."

"Kwana biyun me? Kalma ɗaya ce fa."

Ba zan ɓoye muku ba, raina ya so in ce masa to. Yaron da na bari ya zo da buƙatarsa ta farko, kuma a lokacin ba ƙarya ce tsagwaronta ba, don ni abin da aka faɗa mini game da Lawal shi ne rana ta buge shi a gona. Ban taɓa bincike ba. Ina iya cewa ban sani ba, in kwanta da gaskiyata rabi da rabi.

Da na koma gida cin abincin rana na tarar da mahaifiyarku a tsakar gida tana tsince wake a faifai, ku duk kuna makaranta. Na jawo kujera na zauna kusa da ita, na faɗa mata komai tun daga farko, ina magana ina kallon ƙasa. Har na gama hannunta bai daina tsintar waken ba.

"Malam, Inna ta faɗa mini tun ina da cikin Aminu," ta ce. "Shekara ashirin da wani abu ina jiran ranar da za ka faɗa da bakinka. Ba auren ne ya dame ni ba. Yaro ka bari ba dangi, shi ne abin da na kasa gane maka."

Ta ajiye faifan ta dube ni.

"Yanzu kuma kana so ka ce ba ka sani ba, alhali wadda ta sani tana nan da ranta? Gobe ka tafi Babban Duhu wurin Gwaggo. In ta ce rana ce ta kashe Yaya Lawal, ka faɗa musu rana ce. In ta ce wani abu daban, kai ka san abin da ya rage maka."

Gwaggo Dije ƙanwar Baba ce, ita kaɗai ta rage a sa'o'insu. Na hau babur da sassafe, lokacin hanyar lafiya lau take, ba wanda yake waiwaye. Na same ta a rumfar ƙofar ɗakinta tana kaɗa nono. Muka gaisa, ta tambayi Rabi, ta tambaye ku da sunayenku ɗaya-ɗaya, ta tambayi ruwa a wajenmu, ta ba ni labarin saniyarta da ta haihu. Sai da aka kawo fura na sha sannan na ce mata ina so ta faɗa mini yadda Yaya Lawal ya rasu.

Ta ɗago ta dube ni.

"Mi ya tuno maka da wanga zance yanzu? To, ina wurin. Gayya anka yi a gonar ubanka, mu mata munka kai abinci. Ba rana ranar, hadari ne ma a sama. Shi ke gaban layi, makaɗa na zuga shi, ya bar kowa baya. Ya kai ƙarshen kunya ya miƙe, ya dafe ƙirji, ya hwaɗi. Kahin a kawo ruwa ya cika. Mutane sunka ce jihwa ne, ubanka ya hana a yi maganar, ya ce a ce maka rana ce."

Na tambaye ta ko akwai wani kafin shi.

"Tanko mana, ƙanen ubanka, ɗan kokawa. Ba ka san shi ba. Ya kada abokin karonsa a wasan kaka, ana ta guɗa, yana tahowa wurinmu yana dariya, ya kihe. Ko aure bai yi ba. Kuma tsohuwarmu ta ce haka wani wanta ya tahi, yana bin bijimi da ya tsinke." Ta ajiye maburgin. "Sama'ila, ba banza ka taso tun daga Safana ba. Wa ke ciwo?"

Na faɗa mata. Ta riƙe haɓa tana salati.

"Kana da ɗa a wata uwa duniya, kuma gudu ne sana'arsa? To mi kake jira? Ka hwaɗa musu. Ni na ga uku sun isa, biyu da idona, ɗaya da kunnena."

A hanyar dawowa na tsaya a bakin wani rafi na kashe babur. Na yi ta juya maganar. Na ce wa kaina ai ni ma jinin gidan ne, ga ni na haura hamsin. Baba ma ya tsufa. Wataƙila yaron ya biyo mu, ba su ba. In na yi magana na rushe abin da ya gina shekara da shekaru ba tare da ni ba, kuma ba lalle ya sake ɗaga wayata ba har in mutu. Amma duk ta inda na bi da tunanin, sai in ga Lawal a ƙarshen kunya, sai in ga kuma yaron da ke goge hannu a cinya. Na yi alwala a rafin na yi azahar, na tashi da abin da zan yi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci likitar ta kira. Na ba ta labarin mutum ukun, da shekarunsu gwargwadon yadda Gwaggo ta ƙiyasta, da abin da kowannensu yake yi lokacin da ya faɗi. Ina jin ƙarar rubutunta. Da na gama ta ce:

"Ka san abin da wannan bayanin zai jawo masa?"

"Na sani."

"To ina ba ka shawara kai ma a duba ka, da sauran 'ya'yanka duka."

Kulob ɗin ya janye. Da labari ya bazu, na Turai ma ba wanda ya yarda ya ɗauke shi. Yana da shekara ashirin da takwas, a daidai lokacin da ƙarfinsa ya cika, wasa ya ƙare masa. Bayan mako guda ya kira ni, maganar ba ta kai minti ɗaya ba.

"Ka tafi ka bar ni ina jariri, ban ce komai ba. Na samu abu ɗaya da yake nawa, ka dawo ka karɓe shi. Kada ka sake nema na."

Ku manya kuna tuna ranar da na tara ku na ce kuna da wa a Amurka, da ranar da na kwashe ku a mota zuwa asibiti a Katsina aka shafa muku wani mai a ƙirji ana kallon allo. Aka ce zuciyata tana da ɗan kaurin, Allah ne dai ya raya ni. Aminu aka ce ya riƙa zuwa duk shekara, ya kuma bar ƙwallon ƙafa. Sauranku ba a ga komai ba. Daga wannan tafiyar ne zance ya fita gari, kowa ya ƙara masa abin da ya ga dama.

Shekara biyu ban ji daga gare shi ba. Karolin ce take turo ɗan saƙo jefi-jefi. Ta ce ya yi watanni ba ya fita, daga baya ta matsa masa ya yarda aka dasa masa wata 'yar na'ura a ƙirji, wadda in zuciya ta rikice take bugunta ta dawo daidai. Ta ce ya samu aikin koci a wata makarantar sakandare. Waɗannan shekaru biyu su ne mafi nauyi a rayuwata. Ga shi lafiya lau, ba abin da ya same shi, kullum sai in ce ashe da na yi shiru da yanzu yana can yana bugawa. Na rame har abokan aiki suna tambaya. Mahaifiyarku ce take cewa in ci abinci, abin da na faɗa gaskiya ne ko ya faɗi ko bai faɗi ba. Na san haka ne, amma sanin bai sa na samu sauƙi ba.

Wata ranar Asabar da rana ina ɗaure wa tumaki harawa, waya ta yi ƙara. Lambarsa ce. Muryarsa ta yi laushi kamar wanda ya tashi daga barci.

"Daga asibiti nake kira. Kada ka tsorata, na warware."

Ya ce jiya yana nuna wa ɗalibansa yadda ake komawa baya da gudu a tare gida, sai ya ga fitilun ɗakin wasan sun dushe. Bai san ya faɗi ba. Ya farka a ƙasa, ƙirjinsa kamar doki ya harbe shi, yara sun kewaye shi suna kuka. Likitoci sun karanta abin da na'urar ta ajiye, sun ce zuciyar ta rikice gaba ɗaya, ba don na'urar ba da ba a kai shi ko ƙofa da rai ba.

Na zauna a kan turmi. Bakina yana ta alhamdu lillahi, hawaye na zuba, tumakin suna jan harawar daga hannuna. Ina jin numfashinsa a wayar, ban taɓa jin abin da ya kai shi daɗi ba.

"Wanda ya faɗi a gona," in ji shi. "Yaya sunansa?"

"Lawal. Yayana ne."

"Ba ni labarinsa. Ina da lokaci, sun ce ba za su sallame ni ba sai jibi."

Bai ce ya yafe mini ba, ni ma ban nema ba a ranar. Maganar barin da na yi masa daga baya muka yi ta, kuma ba a zama ɗaya ta ƙare ba. Har yau akwai abin da in na taɓo sai ya yi shiru, ni kuma na koyi in bar shi.

Bayan kaka ta shekarar da ta biyo ya zo, kun gan shi. Kun tuna yadda mahaifiyarku ta sa aka haɗa katifa biyu don ƙafarsa ta samu wuri, da yadda ya ci tuwo da hagu ta kama hannun ta mayar masa da dama. Abin da ba ku gani ba shi ne zuwanmu Babban Duhu, don mu biyu muka je. Idon Gwaggo ya riga ya tafi a lokacin. Ya durƙusa a gabanta, a durƙushen ma ya kusa kai tsayinta. Ta shafa kansa, ta shafa fuskarsa, ta gangaro kafaɗa, sai hannunta ya ci karo da ɗan tudun da ke ƙarƙashin fatar ƙirjinsa. Ta tambayi mene ne, na yi mata bayani. Ta bar tafinta a wurin ta daɗe, leɓunanta na motsi.

"Ka hwaɗa mishi," ta ce, "gudun ya isa haka. Ina so ya zauna ya yi hurhura. Ni ba zan gani ba, amma kai ka tsaya ka gani."

Na juya masa maganar da Turanci. Ya yi dariya, ya ce in gaya mata zai yi ƙoƙari.

Gwaggo ta rasu a daminar da ta biyo. Yusufu yana nan da aikinsa na koci, ya yi aure, 'ya'yansa biyu, kuma duk an duba su. Ku ma ku kai naku a duba, kada ku jira sai wani ya yi ciwo, kuma in sun girma ku faɗa musu sunan Lawal da na Tanko da yadda suka tafi. Makon jiya ya kira ni ta bidiyo yana zaune a mota, rana ta hasko masa fuska. Na matso da wayar kusa da idona, na ce ya ɗan juyo. A gefen gemunsa na hagu, fari fat, har guda uku. Na ƙwala wa mahaifiyarku kira daga madafa, ta taho da ludayi a hannu, na ce ta zo ta gani ko idona ne.

"Ba idonka ba ne, Malam," ta ce. "Furfura ce."